Yadda za ki raba gidanki da jan ƙwaro mai ɗigo-ɗigo ba tare da kin zuba guba ba

A Makka da Jidda sai jefi-jefi ake ganinsa, galibi a jikin shukar tukunya lokacin sanyi. Waɗanda ke zaune a kan tudu kuwa, Ɗa'ifa da Hada da Shafa, har kudu wajen Baha da Abha, sun san shi sarai: ɗan ƙwaro mai tudun baya, ja ko ruwan lemo, da ɗigo-ɗigon baƙi, tsawonsa milimita 5 zuwa 8. Mutanen ƙasar nan ta Saudiyya suna ce masa ummu Ali, Misirawa su ce abul-id, a rubuce kuma da'asuƙa za ki gani. Guda ɗaya a jikin labule abin sha'awa ne, yara har ɗora shi suke yi a tafin hannu. Damuwa tana farawa ne ranar da aka yaye labule aka tarar da su cunkus a kusurwar taga, ko aka buɗe gidan hutun da ya yi watanni a rufe aka iske su a silin, a bayan mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, har cikin kwabar tufafi.

Abin da nake so ki riƙe kafin komai, 'yar'uwa, shi ne wannan ƙwaro ba ya cin katako, ba ya cin tufa, ba ya taɓa shinkafa ko gari, ba ya shan jini, kuma ba ya haihuwa a cikin ɗaki. Mafaka ya zo nema. Ɓarnarsa ba ta wuce wari da tabo ba, sai kuma atishawa da ƙaiƙayin ido ga mai hassasiyya, wato wanda jikinsa ba ya jure irin waɗannan abubuwa, idan sun yi yawa. Abin da ke tsorata ni shi ne maganin da ake ɗauko masa. A rufe tagogi, a feshe ɗakin da yara ke kwana da gubar da aka yi don gona, saboda ƙwaron da tsintsiya ta ishe shi. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Duk abin da zan zayyana a nan ana yinsa da kayan da ke cikin gida, sai ɗan silikon da raga da za a sayo.

Abin da ke kawo shi

Ɗa'ifa tana kan tudun da ya kai kimanin mita 1,800, Shafa da Abha sun haura 2,000, kuma daren hunturu a can yakan sauka ƙasa da digiri 10. Idan sanyi ya kama, abincin ƙwaron ya yi ƙaranci, sai ya nemi tsaguwar dutse ko ƙarƙashin ɓawon itace ya lafe har yanayi ya gyaru. Ba ya lafewa shi kaɗai, taruwa suke yi. Ginin da aka shafa wa farin fenti ko ruwan ƙasa mai haske, musamman bangon da ke kallon kudu ko yamma wanda rana ke dukansa da la'asar, shi ne ya fi jan su. Su sauka a bangon, su bi ɗumi, su samu kafa su shige. Kafar da ba ta wuce milimita 3 ba ta ishe su.

Akwai lokaci na biyu. Bayan an gama tsinkar wardi a Maris da Afrilu, an yanke barsim, wato ciyawar dabbobi, kayan lambu sun fara bushewa, ƙwarin da suka hayayyafa a gonaki sukan watse gaba ɗaya suna neman abinci da inuwa. Gidan da ke gefen gona shi ke fara karɓar baƙi, fitilar ƙofa kuma tana ƙara janyo su da dare.

Wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba: inda suka taru sukan bar wani maiƙo mai ƙamshin da mu ba ma ji, su kuwa suna ji. Shi ya sa taga ɗaya ce ake fama da ita bana, ita ce kuma baɗi. Wadda ta share su ta bar wurin ba wanki ta bar musu alamar hanya.

Fara da tabbatar da wanda ya shigo

Ki kife kofin gilashi a kan guda ɗaya, ki zura takarda ta ƙasa, ki kai shi haske. Idan bayansa na sheƙi, ja ne, da ɗigo bakwai, uku a kowane gefe da ɗaya a tsakiya kusa da kai, to shi ne wanda aka fi sani. Akwai ɗan ƙarami mai ɗigo goma sha ɗaya, akwai kuma mai ɗan tsawo ruwan lemo wanda yawan ɗigonsa ke bambanta. Dukkansu masu cin darɓa ne, wato ƙananan ƙwarin nan masu tsotse ruwan ganye su bar shi da danƙo, waɗanda a nan ake ce wa mann. Babba ɗaya yakan cinye darɓa kusan 50 a yini. Manomin wardi da na rumman ba su da ma'aikacin kyauta kamarsa, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin fitar da shi da ransa.

Cikin danginsu akwai guda ɗaya da ba abokin manomi ba ne. Ya ɗan fi girma, launinsa ruwan lemo mai duhu, ɗigonsa goma sha biyu, bayansa ba ya sheƙi saboda wani lallausan gashi da ya rufe shi. Ganyen kankana da kabewa da kokwamba yake ci, ya kankare shi ya bar jijiyoyi kawai. Idan kina da waɗannan a tsakar gida kuma kin ga ganye ya zama raga-raga, wannan a tsince shi da hannu da sassafe a zuba a ruwan sabulu, a duba bayan ganye a murje ƙwansa.

Wanda na fi so ki yi hattara da shi shi ne ƙwaron kafet, don ana yawan rikita su. Shi ma kewayayye ne, shi ma yana taruwa a bakin taga, amma ƙarami ne ƙwarai, milimita 2 zuwa 3, launinsa rodi-rodi na fari da rawaya da ruwan ƙasa. Tsutsarsa mai gashi ce, ita ke cin ulu: kafet, bargo, rigar sanyi, alkyabbar maigida. Idan shi kika gani, aikinki ya koma ɗage kafet, zuƙe ƙura a ƙarƙashin kujerun majalisi da wanke kayan ulu. Idan kuwa ana tashi da safe da cizo jere a hannu ko wuya, ki bar zargin jan ƙwaro ki duba ɗinkin katifa. Kuɗin cizo ne, shafaffe ruwan ƙasa, ba shi da ɗigo ko ɗaya.

Bidiyon da 'yan'uwa ke turowa daga Ingila da Amurka, inda ƙwari dubbai suka rufe bango, na wani jinsi ne ɗan gabashin Asiya. An kai shi Amurka tun 1916 don ya ci darɓa, ya kafu a can a 1988, ya shiga Ingila a 2004. Ana gane shi da zane mai kama da harafin M a bayan kansa, kuma shi ne aka fi sani da ɗan mintsinin fata. Kada wannan bidiyo ya sa ki auna naki da shi ki firgita.

Kwashe su ba tare da kin murƙushe ba

Idan ƙwaron ya tsorata yakan fitar da wani ruwa rawaya daga gaɓoɓin ƙafarsa. Jininsa ne, mai ɗaci da wari, da shi yake korar tsuntsu da ƙadangare. Shi ke ɓata farin bango da labule. Don haka ba duka da silifa, ba murjewa da tishu, ba shara da ƙarfi.

Ki zaɓi sassafe, lokacin da sanyi ya sa ba sa iya tashi. Kashe hita tun da dare a ɗakin da suke. Idan mai asma ce ke, ko idonki na saurin ja, sa takunkumi da safar hannu, ko ki ba wani aikin.

In ba su da yawa, kofi da takarda sun wadatar, ko buroshin fenti mai laushi da kwali: ki riƙe kwalin a ƙarƙashinsu ki riƙa turo su a hankali suna faɗawa. In sun yi yawa ko suna can sama a kusurwar silin, ɗauko injin shara mai zuƙa, amma kada ki zuƙe su kai tsaye. Za su farfashe a ciki, warin ya kama injin, duk ranar da aka kunna shi ya buso wa gida. Ga yadda ake yi. Samo safar mata mai shara-shara. Cire kan bututun, tura ƙafar safar ciki kamar tsawon tafin hannu biyu, naɗo bakinta ta waje a kan bututun, ɗaure da robar ɗaure kuɗi guda biyu ko uku sosai, don in ta kwance safar za ta shige injin. Sa injin a mafi ƙarancin ƙarfinsa. Ƙwarin za su taru a cikin safar iska na wucewa. Kafin ki kashe injin ki ɗaga bakin bututun sama, da kin kashe ki zare safar ki ƙulle bakinta nan take, in ba haka ba za su fara fitowa.

Waɗanda suka shige cikin layin tagar alminiyam ko bayan katakon labule ba za su fito duka rana ɗaya ba. Da dare ki kashe fitilun ɗakin, ki rufe ƙofa, ki ajiye fitilar caji guda ɗaya a ƙasa a kan farin ƙyalle. Masu motsi za su nufo hasken, ki naɗe ƙyallen ki fita da shi. A maimaita har su ƙare.

Sai inda za a kai su. Kada ki zazzage su a bakin ƙofa, za su juyo. A yi nisa da ginin, a zuba su a gindin shuka mai duhuwa, a tarin itace, ko a jikin katangar duwatsun gona. Idan lokacin ɗumi ne kuma kina da wardi ko na'ana'a da darɓa ta kama, ki sake su a kai bayan magariba, ki ɗan yayyafa ruwa a ganyen; da rana tashi za su yi su tafi. Idan tsakiyar sanyi ne, kwalin takalmi da aka huda wa ƙananan kafofi, aka sa busasshen ganye, aka ajiye a sito mai sanyi na waje, ya fi musu ɗakinki. Ɗumin hita yana tashe su daga barci babu abinci, busasshiyar iska ta ƙarasa su, shi ya sa ake samun gawarsu a bakin taga.

In ta kama dole a kashe, ruwan sabulu a bokiti ya isa. Ban yarda da abin da wasu samari ke yi ba, na kunna takarda ko fesa gwangwanin magani a kan wutar laita. An hana mu azabtar da mai rai da wuta, ga labule da silin na roba a kusa.

Wanke sawunsu

Wannan matakin ne ake tsallakewa, kuma shi ne ke hana su dawowa wuri ɗaya. Ki haɗa ruwan ɗumi lita ɗaya da sabulun wanke-wanke babban cokali ɗaya. Da soso ki wanke duk inda suka taru: firam ɗin taga ciki da waje, layin da gilashi ke gudu a kai, kusurwar silin, saman ƙofa. Tsohon buroshin haƙori shi ke shiga layin alminiyam. Ɗauraye, sannan ki bi da khal, wato binega, da aka sirka da ruwa rabi da rabi, ki bari ya bushe. Kada khal ya taɓa marmara, yana cinye sheƙinta. Can sabulu kaɗai.

Tabon rawaya a bango a dangwala shi da jiƙaƙƙen soso, kada a goga da ƙarfi ya bazu. A tufa ko labule, fara da ruwan sanyi, jiƙa da garin sabulu na ɗan lokaci, sannan a wanke. Kada a yi wa farar riga guga sai tabon ya fita, zafi yana zaunar da shi.

Tunda maganar wanki ake, ga gargaɗin da ba na gajiya da maimaitawa: Clorox ba ya haɗuwa da khal, ba ya haɗuwa da ruwan wanke masai irin su Flash. Haɗin yana tayar da iskar kulorin mai ƙona huhu, kuma a rufaffen bayi mintuna kaɗan sun isa su kayar da mutum.

Toshe hanya

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma gidajen nan tsagarsu sananniya ce. Da rana tsaka ki kashe fitilu, ki saki labule a gefe, ki tsaya cikin ɗakin ki duba inda haske ke leƙowa. Duk inda haske ya shigo, ƙwaro zai shigo.

Wuri na farko shi ne kewayen mukayyif na taga. Ramin da aka bari a bango kusan kullum ya fi na'urar girma, a cike gefen da katako ko kwali, shekara biyu ya ruɓe. A cire tsohon, a cusa soso mai kauri ko a fesa kumfar toshe rami, a bi gefen da silikon. Mukayyif mai raba biyu kuma ramin da bututunsa ya ratsa bango ne matsalar, a duba shi ta waje. Daga nan sai fankar fitar da hayaƙi ta kicin da ta bayi: a sa mata raga ta waje, kada a toshe ta. Sai ramin wayar dish da ta intanet, sai inda bututun tanki ya sauko daga saman soro, sai ƙofar soron kanta, wadda ba wanda ke tunawa da ita.

Tagar alminiyam mai turawa tana da wani siririn gashi a gefenta da ke rufe tsakanin gilashi biyu. Idan ya cinye, ana sayar da shi da mita a shagunan kayan gini, zare tsohon ake yi a zura sabo. Ƙananan ramukan da ke ƙasan firam na fitar ruwan sama ne. Kada a cika su da silikon, ruwa zai koma cikin bango. A yanko 'yar raga a manna a kai. Ragar sauro da ta yage a sauya ta ko a ɗinke, ƙasan ƙofa kuma a sa masa robar nan mai share ƙasa.

Yadda ake sa silikon: a goge wurin ya bushe ƙarau, a manna salatif na takarda a gefe biyu na tsagar, a yanke bakin bututun a karkace, a ja layi ɗaya ba tsayawa, a shafe da yatsa da aka tsoma a ruwan sabulu, a cire salatif kafin ya bushe. A bar taga a buɗe yini guda saboda warinsa. Idan gidan haya ne, a gaya wa harisin ginin, wato mai gadi, ko mai gida kafin a taɓa bangon waje.

Lokacin aikin yana da muhimmanci. A kan tudu, a gama shi a Satumba ko Oktoba kafin sanyi. Idan sun riga sun shige cikin bango kika toshe ta waje kawai, kin rufe musu hanyar fita, za su ɓullo ta ciki. A irin wannan hali ki fara toshe na ciki, gefen soket da ramin fitilar silin da bakin firam, ki bar na waje sai ɗumi ya zo sun fice.

Gidan da aka toshe sosai ba ya shan iska kamar da. Wadda ta saba shigo da kaskon gawayi ɗaki da daren sanyi, ko kunna hitar gas ko ta kananzir a rufe ƙofa, ta sani haɗarin ya ƙaru. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, tana kashewa cikin barci. A fitar da kasko kafin a kwanta, ko da na turaren wuta ne.

Fitilar ƙofa da ta baranda a mayar da su masu launin rawaya, a kashe waɗanda ba a bukata, a saki labule kafin a kunna ta ɗaki.

Duba shukokinki

Idan lokacin ɗumi ne kuma kullum kina samun sababbi, abincinsu na kusa. Juya ganyen wardi, na'ana'a, barkono da furannin da ke bakin taga. Ganye mai danƙo, mai naɗewa, da tururuwa na hawa da sauka, darɓa ce. Tururuwa na shan zaƙin da darɓa ke fitarwa, har tana kare ta daga masu cin ta. Wataƙila ki ga ƙwai rawaya a tsaitsaye jingim a bayan ganye, ko wata tsutsa baƙa mai ƙafa shida da ɗigon ruwan lemo, siffarta kamar ɗan kada. 'Ya'yan jan ƙwaro ne, kuma ba su da aiki sai cin darɓa dare da rana. Mutane da yawa kan kashe su bisa zaton su ne ke ɓata shukar.

Idan shukar tana nesa da taga, ki ƙyale su su yi aikinsu, cikin mako biyu zuwa uku za ki ga bambanci. Idan a bakin taga take ko a cikin ɗaki, matsar da tukunyar can gefen tsakar gida. Wadda ba ta matsuwa a wanke ta da ruwa mai ƙarfi, a bi da ruwan sabulu, ƙaramin cokali ɗaya a lita ɗaya, a fesa bayan ganye da yamma, a ɗauraye washegari. Man darbejiya ƙaramin cokali ɗaya a cikin wannan haɗin yana ƙara masa ƙarfi. A gwada a ganye kaɗan tukuna, wasu shukokin ba sa jure sabulu. A rage takin zamani, don sabon toho mai taushi shi darɓa ta fi so. Idan darɓa ta ƙare, masu cin ta za su nemi wani wuri da kansu.

Maganar magani

Za a ce miki kanumfari, ɓawon lemo, man na'ana'a. Ba laifi a sa a bakin taga bayan an wanke, amma ƙamshin na gushewa da wuri, ba zai maye gurbin silikon ba. Kafur da mantol suna korar su na ɗan lokaci. Sai dai fararen ƙwallayen da muke sa wa a akwatin tufafi mu kira su kafur yawancinsu naftalin ne, guba ce ga yaro in ya haɗiya, kuma tana farfasa jinin masu ƙarancin sinadarin G6PD, larurar da ke da yawa a cikinmu da cikin mutanen ƙasar nan. Gida mai rarrafe ba wurinsu ba ne.

Fesa maganin gwangwani a cikin ɗaki ba ya kai wa waɗanda ke cikin bango. Waɗanda ya kashe a lungu kuma gawarsu ce abincin ƙwaron kafet, kin kori marar ɓarna kin gayyato mai ɓarna. Idan gida ne babba a gefen gona da abin ke maimaituwa duk shekara, a kira kamfani mai lasisi ya fesa bangon waje kaɗai, kewayen tagogi da ƙarƙashin rufi, kafin lokacin shigarsu. A nemi ganin gwangwanin da sunan maganin. A kawar da kyanwa da kifin ado, don irin wannan magani na yi musu illa ƙwarai, a kuma sanar da maƙwabci mai amya, kudan zuma ba sa jure shi. Mai yawo da tanki a bayan mota yana liƙa lambar waya a ƙofofi, wanda ba zai faɗi abin da ke cikin tankin ba, kada a buɗe masa ƙofa.

Fiya-fiya ba na ɗaki ba ne. Wanda ya fi shi muni shi ne ƙwayar nan mai ruwan toka da ake sa wa buhunan hatsi da wake a sito, aluminiyam fosfaid. Da ta sha danshin iska sai ta saki iskar fosfin, mai ɗan warin tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi. Ba ta da makari. Ta kashe yara a Jidda, kuma sau da yawa ba a gidan da aka sa ta ake mutuwa ba, a gidan maƙwabta ne, don tana bin ramin mukayyif da bututu da ƙasan ƙofa. An haramta amfani da ita a gidajen zama. Idan kin ji wannan wari, mutanen gida suka fara amai da jiri da ƙuncin ƙirji lokaci ɗaya, ku fita waje gaba ɗaya, ku buga wa maƙwabta ƙofa, a kira 997 don motar asibiti da 998 don jami'an kashe gobara da ceto, ko 911 a yankin Makka. Kada a tsaya ba da madara ko manja, kada kuma maganar iƙama, wato takardar izinin zama, ta sa a yi jinya a ɗaki. Mai sayar da ita ga gidaje ana kai ƙararsa baladiyya, wato hukumar gari, ta lambar 940.

'Yan'uwana masu aikatau, na san sau da yawa ba ku ke yanke shawara ba. A miƙo miki gwangwani a ce feshe ɗakin. Ba sai an yi gardama ba. Ki ce, "Mama, wannan ba ya cizo, ba ya cin kaya. Ki ba ni yau da gobe in kwashe in wanke wurin, in ba su tafi ba sai a kira kamfani." Ki nuna mata safar da kika cika. Yawancin iyayen gida abin da suke so shi ne su daina ganinsu, kuma idan kika ambaci ƙirjin yara za a saurare ki. In an dage sai an fesa, ki nemi takunkumi da safar hannu, a fitar da yara da abinci, a buɗe tagogi, kuma kada ki kwana a ɗakin a daren.

Idan yaro ya sa ɗaya a baki, ɗacin zai sa ya tofar. A kurkure masa baki a ba shi ruwa. Ruwan rawayan in ya shiga ido a wanke da ruwa mai yawa. Kumburin fuska ko wahalar numfashi kuwa na asibiti ne nan take, tambaya kuma ana iya yin ta a 937, layin ma'aikatar lafiya.

Saura gidajen hutu na Hada da Shafa da Abha, waɗanda ake rufewa idan masu su sun sauka Jidda ko Riyad bayan zafi, galibi kuma ɗan'uwanmu ne harisi. Malam, kafin ka ja ƙofa ka rufe bakin mukayyif na taga ta waje da leda mai kauri ka ɗaure, ka sa tawul a ƙasan ƙofofin waje da ta soro, ka janye labule daga jikin gilashi don kada su taru a cikin ninkinsa, ka fitar da tukwanen shuka. Ka riƙa leƙawa duk mako biyu, musamman ɗakunan da ke kallon yamma, ka kwashe na bakin taga tun suna kaɗan. A ranakun da rana ta yi ɗumi a Fabrairu da Maris za ka ga suna yawo a jikin gilashi suna neman fita. Buɗe musu tagar na awa ɗaya da hantsi, ka wanke firam ɗin da sabulu, sannan ka toshe ta waje.